Babi na 6: Fita da Kare Kusa da Bakin Dutse

Wannan babi na masu kare ne: mafarauta, makiyaya, masu gadin gona, da samarin da ke hawa dutse da karensu ranar hutu. Idan garinku yana kusa da dutse irin Kufena ta Zariya, ko Kwatarkwashi a Zamfara, ko tsaunukan Dogon Dutsi a Nijar, ko tsofaffin ramukan haƙar kuza na ƙasar Jos, to da kai ake magana. Karanta a hankali. In kalma ta yi maka wuya, ɗora yatsa a kanta, ka furta ta gaɓa-gaɓa, sannan ka wuce. Ba sauri muke yi ba.

Darasi na 1: Me ke sa kare ya faɗa

Kalmomin yau: kare, igiya, dutse, rami, ƙulli, santsi. Rubuta kowace sau 3 a littafinka.

Bakin dutse shi ne wurin da ƙasa ta yanke, in ka ƙara taku ɗaya sai faɗuwa. Bakin kwazazzabo da bakin ramin da ake fasa dutse duk hukuncinsu ɗaya.

Mutane da yawa a aji sukan ce ai kare ya fi mutum sanin dutse. Gaskiya ne yana da ƙafa huɗu, kuma ya fi mu sauri. Amma ku lura da abu uku. Kan kare yana kusa da ƙasa, don haka ciyawar da ta tsiro a baki tana rufe masa ido, ba ya ganin cewa bayanta babu komai. Faratansa kuma na ƙasa ne da yashi, ba sa kama falalen dutse. In ya taho a guje, ko ya so tsayawa, zamewa zai yi. Na uku shi ne babba. Idan kare ya ga rema ko zomo ko biri ko fakara, hankalinsa duka yana kan abin da yake bi, kamar yaron da ƙwallonsa ta gangara titi. Rema tana da tafin ƙafa mai laushi da ke manne wa dutse, ta san kowace kafa da za ta shige. Fakara tashi za ta yi. Kare shi ne zai wuce baki.

Tambaya: Faɗi abu biyu da ke sa kare ya faɗa daga dutse. Amsa da baki tukuna, sannan ka rubuta.

Darasi na 2: Ɗaura igiya tun a gindin dutse

Wannan darasi ya fi kowane tsawo, domin a nan ne mutane suka fi yin kuskure. Karanta wannan jimla da ƙarfi:

Ina ɗaura igiya tun a gindin dutse.

Sake karantawa. Gindin dutse, wato ƙasa, kafin ka ɗaga ƙafa ka fara hawa. Ba tsakiyar hanya ba, ba lokacin da ka hango baki ba. Kare yana riga ka isa sama, kuma yana jin warin nama tun kafin kai ka ga komai. In ka ce sai ka hango baki za ka ɗaura, lokacin da za ka hango shi karen ya riga ya yi nisa.

Abin da za ka tanada: igiya mai ƙarfi wadda tsawonta bai wuce mita 2 ba, wato kamar taku biyu manya, da tsohon bel na fata ko ƙyalle mai kauri. Kada ka yi amfani da waya ko roba, waya tana yanka, roba tana tsinkewa. Duba igiyar daga farko zuwa ƙarshe. In gara ta ci ko ta fara sulluɓewa, nemi wata.

Yanzu ɗauri. Kira karen, ka tsuguna a gefensa, ka shafa shi ya natsu. Zagaya bel ɗin a wuyansa ka ɗaure. Sannan tura yatsu biyu tsakanin bel da wuya. In yatsu biyu sun shiga daidai, ɗaurin ya yi. In ba su shiga ba, ya matse, zai shaƙe shi. In hannunka duka ya shiga, ya yi sako-sako, karen zai ja da baya ya zare kansa ya bar ka da igiya a hannu. Yatsu biyu. Ɗaga yatsunka biyu ka duba su. Su ne ma'auninka, kuma kullum suna tare da kai.

Abin da ya fi ɗaurin wuya shi ne ɗaurin ƙirji. Bayan na wuya, zagaya wani ƙyallen a ƙirjinsa, daf da bayan ƙafafun gaba, ka ɗaure a gadon baya. Haɗa na wuya da na ƙirji da ɗan guntun igiya a saman baya, sannan ka ƙulla doguwar igiyar a jikin na ƙirjin. Amfaninsa: in ƙafar kare ta zame, nauyinsa zai faɗa kan ƙirji, ba kan maƙogwaro ba. Shi ma wannan ɗaurin, yatsu biyu.

Ga inda hannu yake ruɗewa. Mun saba da zarge, domin shi ne mai sauƙi, kuma da shi ake kama dabba. Zarge shi ne ƙullin da ke ƙara matsewa in an ja. Kada ka sa wa kare zarge a kan dutse. In ya zame yana rataye, zargen zai kashe shi kafin ka jawo shi. Yadda za ka gane: bayan ka ƙulla, ja igiyar da ƙarfi kana kallon zoben da ke wuyansa. In zoben ya ƙanƙance, zarge ka yi. Kwance ka sake. In zoben ya tsaya yadda yake, ƙullin ya yi kyau. Kada ka ji kunya in ka sake sau da yawa. Na ga dattawan da suka yi shekaru suna saƙar igiya, amma hannunsu ya saba da zarge, sai da suka yi ta maimaitawa. Gwada a ƙafar kujera ko a turke kafin ka gwada a jikin kare.

To, a ina za a yi wannan ɗauri duka? A gindin dutse. A ƙasa akwai fili, akwai natsuwa, karen bai ji warin komai ba tukuna. A sama akwai iska, ga tsakuwa, ga kare yana zillo, ga kai a tsugune kusa da rami.

Riƙon igiya: riƙe ta a tafin hannu ka dunƙule. Kada ka naɗa ta a wuyan hannu. Kada ka ɗaura ta a ƙugu ko a jikin jaka. Babban kare in ya fizga a wuri mai santsi zai iya tafiya da kai, kuma dole ne ka iya buɗe hannu ka saki in abin ya kai ga rai. Ran mutum yana gaba. Saboda haka ma ba a ba yaro igiyar kare a kan dutse.

Wajen tafiya, karen ya kasance ta ɓangaren tudu, nesa da rami. Kai ma kada ka matsa baki, bar aƙalla taku 10 tsakaninku da shi. In hanya ta ƙuntata, taƙaita igiyar har karen ya zo daf da ƙafarka.

Yanzu bari in yi magana da masu cewa, "Malam, ai nawa yana jin kira." Na ji wannan magana har na gaji. Yana jin kira a tsakar gida, inda babu rema. Ka taɓa kiransa ya tsaya alhali zomo yana gabansa? Haba, 'yan uwa. Dabbar nan tana yi maka gadi dare da rana, tana taya ka kiwo, tana kamo maka nama. Amana ce a hannunka, kuma za a tambaye ka yadda ka riƙe ta. Ƙullin da bai kai minti biyu ba shi ne ya gagare ka? Mafarauci da ya ce dole sai ya saki kare, to ya sake shi a fili ko a gangare mai sauƙi. Da zarar hanya ta nufi tsauni, a mayar da igiya.

Cike gurbi:
Ina ɗaura igiya tun a ______ dutse.
Ina auna ɗauri da yatsu ______.
Ba na yin ______, domin yana shaƙe kare.
Rufe littafin, ka faɗa wa na kusa da kai inda ake ɗaura igiya.

Darasi na 3: Duba lokaci, duba ƙasa

Da damina dutse yana da santsi, musamman inda gansakuka ta fito. Bakin kwazazzabo da bakin tsohon ramin haƙa sun fi haɗari, domin ruwa yana cinye ƙasar ta ƙarƙashi, saman ya yi kamar lafiya lau, sai an taka ya rufta. Ramukan kuza na Jos da yawa sun cika da ruwa, gefensu a miƙe yake, karen da ya faɗa ko ya iya iyo ba ya samun wurin fita.

Da hunturu hazo yana rage gani. Da bazara dutse yana ɗaukar zafi har ya ƙona tafin ƙafar kare. Ɗora bayan hannunka a kan dutsen. In ba za ka iya barinsa a wurin ba, karen ma ba zai iya takawa ba. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, haki ne ke sanyaya shi, don haka tafi da ruwa da ɗan ƙoƙo. Karen da ƙishirwa ta kama shi ne ke fizga in ya hango ruwa a ƙasan rami.

Fita da sassafe, ka sauko kafin magariba. Kada ka jefa dutse ko sanda don ya bi. Kuma ko wane lokaci ne, igiya tun a gindin dutse.

Darasi na 4: In kare ya faɗa

Kada ka bi shi. Kada ka sauka ta inda ya faɗa, kada ka tura yaro. Sau da yawa kare yakan sami hanyarsa ya fito, mutumin da ya bi shi ne ke makalewa ko ya karye. Kuma kada ka tsaya a baki kana ƙwala masa kira, domin zai yi ƙoƙarin hawowa ya sake zamewa. In dole ne ka leƙa, kwanta rub da ciki. Lura da wata alama, kamar bishiya ko babban dutse, ka koma gari ka nemo waɗanda suka san wurin, su zagaya ta ƙasa. In mutum ne ya faɗa, a Najeriya kira 112, ko 'yan kwana-kwana.

Karen da ya ji ciwo yana cizo, ko da maigidansa ne. Ɗaure bakinsa da ƙyalle a hankali kafin ka taɓa shi, sai dai in yana amai ko numfashi na yi masa wuya. Ɗora shi a kan katako ko buhu, mutum biyu su ɗauka. Kai shi wurin likitan dabbobi ko da yana takawa, domin raunin cikin jiki ba ya nunawa a waje. Kada ka ba shi maganin ciwon jiki na mutane, wasu guba ne gare shi. In ya cije ka, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ka tafi asibiti a ranar, ka gaya musu ko an yi wa karen allurar rigakafin ciwon hauka.

Darasi na 5: Koya wa kare kira

Zaɓi kira ɗaya, suna ko fito, kada ka canza. Kira shi a gida, in ya zo ka ba shi ɗan abinci. Yi haka kullum. Kada ka doke shi in ya zo a makare. Wannan kira ba ya maye gurbin igiya.

Darasi na 6: Bita

Karanta Darasi na 2 kuma. Rubuta jimla 3 a kan ɗaurin kare. Ranar zama na gaba kowa ya zo da igiyarsa da bel, za mu gwada ƙulli a turken makaranta.