Yadda ake tattara dukiyar mamaci kafin a zauna rabon gado

Yawancin rigingimun gado da ke kai 'yan uwa gaban alƙali ba daga lissafin kaso suke tasowa ba, domin Suratun Nisa'i ta fayyace rabon kowa a aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Inda ake samun tangarɗa shi ne wajen gano abin da mamaci ya bari da kuma karɓo shi daga hannun bankuna da hukumomi, musamman a wannan zamani da rabin dukiyar mutum ke iya zama a cikin wayarsa.

Da zarar an watse daga zaman makoki, sai iyali su zaɓi mutum biyu amintattu, zai fi kyau su fito daga ɗakuna daban-daban idan mamacin ya bar mata fiye da ɗaya, su rubuta duk abin da aka sani: gidaje, gonaki, dabbobi, kayan shago, asusun banki, hannun jari, fansho da bashin da yake bin mutane. Kada a yar da layin wayarsa, kada kuma a bari a rufe shi, saboda saƙonnin banki da asusu irin na OPay ko Moniepoint duk da shi suke haɗe. A lokaci guda a nemi takardar shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, domin kusan kowace ƙofa da za a ƙwanƙwasa ita za a fara tambaya. Haka nan a ware abin da ba nasa ba, kamar ajiyar mutane da kayan ɗakin matansa.

Akwai kuskuren da ya yaɗu ƙwarai, wato ɗaukar cewa wanda mamaci ya rubuta a takardun banki a matsayin makusancinsa shi ne mai kuɗin. Wannan suna na wanda za a tuntuɓa ne kawai, bai mai da shi magaji ba, kuma cire kuɗi da katin mamaci bayan rasuwarsa, ko da da kyakkyawar niyya, yana jawo zargin da ba ya wankuwa. Hanyar da doka ta sani ita ce takardar izinin kula da dukiyar mamaci, wadda ake nema a sashen wasiyya da gado na Babbar Kotun jiha, inda ake biyan kuɗi gwargwadon ƙimar dukiyar. Kafin a fara zirga-zirga, a tambayi kowane banki takardar da yake karɓa, domin wani yana amincewa da umarnin kotun shari'a, wani kuwa sai ta Babbar Kotu.

Idan mamacin ma'aikaci ne, a je wa kamfanin da ke riƙe da asusun fanshonsa, sannan a tambayi wurin aikinsa batun inshorar rai, domin Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su yi wa kowane ma'aikaci inshorar da ba ta gaza ninki 3 na albashinsa na shekara ba. Iyalai da dama suna barin wannan haƙƙi saboda rashin sani. Jinkiri ma yana da nasa farashi: Dokar Kuɗi ta 2020 ta tanadi mayar da ribar hannun jarin da ta kai shekara 6 ba a karɓa ba zuwa wani asusun amana na gwamnati, kuma a 2024 Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idar da ta ce kuɗin asusun da ya yi shekara 10 a kwance za a mayar da su wurin Babban Bankin. Magada suna iya neman kuɗin daga baya, sai dai wahalar ta ƙaru.

Bayan an tattara, sai a bi tsarin da malaman Malikiyya suka jera. Ana fara fitar da haƙƙin da ya rataya a kan wata kadara, kamar gonar da aka jinginar, sannan kuɗin likkafani da jana'iza, sannan basussuka, ciki har da ragowar sadakin da bai biya ba, sannan wasiyya. Wasiyya ba ta wuce sulusin abin da ya rage, kuma ba a yi wa magaji ita sai da amincewar sauran magada. Gaskiya ne a shari'ar Adesubokan da Yunusa ta 1971 Kotun Ƙoli ta yarda Musulmi ya raba dukiyarsa yadda ya so a ƙarƙashin dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, amma daga baya jihohi irin su Kwara sun yi nasu dokokin da suka mayar da wasiyyar Musulmi ƙarƙashin shari'ar Musulunci, don haka a nuna wa lauya duk rubutacciyar wasiyyar da aka samu.

Batun kyauta shi ne ya fi raba zumunci, a ganina. Ɗa zai ce mahaifinsu ya ba shi gida tun yana raye, amma a mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa kafin mai bayarwa ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali, kuma abin da aka bayar a ciwon ajali hukuncin wasiyya yake ɗauka. Wanda ya yi da'awa shi zai kawo shaidu. Wakafi ma haka yake: idan mamaci ya tsayar da gida don makaranta ko marayu, kuma ya fita daga hannunsa, ba ya shiga rabo, sai dai a tabbatar da wanda zai kula da shi a rubuce.

Idan akwai matar da ke da juna biyu, ana dakatar da rabo har ta haihu. In babu, sai a kira masana su kimanta kadarori a gaban kowa, a gayyaci alƙali ko malamin da ya san ilimin gado. Misali, idan naira miliyan 24 ta rage, mamacin kuma ya bar mata ɗaya da uwa da ɗa namiji da 'ya'ya mata biyu, matar tana da tumuni, wato miliyan 3, uwa tana da sudusi, miliyan 4, ragowar miliyan 17 kuwa a kasa ta huɗu, namiji ya ɗauki kashi biyu, kowace mace ɗaya.

Kason marayun da ba su balaga ba a ajiye shi da sunansu a hannun wasiyyi ko wanda kotu ta naɗa, yana rubuta duk abin da ya kashe. Wanda gida ko fili ya faɗo wa kuma ya je ma'aikatar filaye a sauya sunan da ke kan takardar mallaka, da kwafin takardar rabon da magada da shaidu suka sa wa hannu.