Hazo da hayaƙi a hanyoyin Kaduna: kurakuran da aka fi yi wajen gargaɗi

Duk direban da ke sammako daga Kawo ya nufi Zariya tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya san yadda hazo ke haɗiye hanya. Ga kuma hayaƙin ƙonar daji, wanda iska kan kwaso ta shimfiɗa a kan kwalta ba sallama.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne ajiye gargaɗi dab da haɗari. Tirela ta mutu a tsakiyar titi wajen Maraban Jos, karen mota ya karyo ganye ya zube taku goma a bayanta, shi ke nan a ganinsa ya fita haƙƙi. To motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 cikin daƙiƙa ɗaya. Kafin direba ya gane abin da ke gabansa har ya taka burki, ya riga ya shige ƙarƙashin tirela. Ganye kuwa ba ya ƙyalli. A cikin hazo kusan launinsu ɗaya da kwalta. A fito da alamar nan mai kusurwa uku mai ƙyalli, a taka da ƙafa a kai ta can nesa, musamman kafin kwana ko gangara. In an gama gyara, don Allah a kwashe duwatsun da aka tare taya da su.

Kuskure na biyu shi ne kunna babbar fitila. Haskenta ƙura yake duka ya dawo maka ido. Ƙaramar fitila ce daidai, da fitilar hazo in motarka na da ita.

Wasu kuma sukan manne wa jar fitilar motar gaba, wai tana yi musu jagora. Ran da ya taka burki, ku biyu ne a asibiti. Bar tazara. In hayaƙi ya rufe gaba ɗaya, kada ka tsaya a kan kwalta: sauka gefe sosai, ka kunna sigina biyu.

Hukumomi ma da nasu laifin. Allon da ya koɗe da farin layin da ya goge ba sa faɗakar da kowa. A sabunta su da fenti mai ƙyalli kafin hunturu, a riƙa isar da hasashen ƙura na NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, da Hausa, a rediyo da tashoshin mota, tun kafin a yi lodin asuba. Wanda ya tarar da motar da ta tare hanya kuma ya kira jami'an kiyaye haɗurra a lamba 122.