Noman latas a bokiti: inda masu farawa suke tuntuɓe

Da wuya ka samu wanda ya fara noma ba tare da ƙasa ba, wato haidrofonik, bai kashe shuka ko ɗaya ba kafin hannunsa ya faɗa. Kuma sau da yawa tausayi ne ke jawo ɓarnar.

A tsarin Kratky, wanda Bernard Kratky na Jami'ar Hawaii ya yayata, babu famfo babu lantarki. Ka zuba ruwan taki a bokiti, ka huda murfi ka rataya dashen, shukar tana sha ruwan yana sauka. Ratar da ke buɗewa tsakanin murfi da ruwa ita ce hancin shukar: saiwoyin sama suna fitar da farin gashi mai laushi, da su take shaƙar iska. Sai mutum ya ɗaga murfi ya ga ruwa ya yi ƙasa, ya ce ai ƙishirwa za ta kashe ta, ya cika bokiti fal. Kafin kwana biyu ganye ya yi yaushi alhali tana zaune cikin ruwa, don ya nutsar da ita. In za ka ƙara, bar saman saiwar a bushe, aƙalla faɗin yatsu huɗu. A lokacin zafi kuma zallar ruwa za ka ƙara, domin shuka ta fi shan ruwa a kan taki, abin da ya rage a ƙasa ya riga ya yi kauri.

Zafin kansa wata masifa ce. Saiwa ta fi son ruwan da ke tsakanin digiri 18 zuwa 24 a ma'aunin Celsius, kuma ruwa yana ɗumi iskar cikinsa tana raguwa. To ka yi tunanin baƙin bokiti a kan siminti, tsakar gida, a Sakkwato ko Maraɗi cikin Afrilu. Lafiyayyar saiwa fara ce tas. Idan ta koma ruwan ƙasa, tana yauƙi a hannu, tana warin kwata, ruɓa ta shiga. Ka yanke wadda ta mutu, ka wanke bokitin, ka sake ruwa. Sannan ka binne rabin bokitin a ƙasa, ko ka naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu kamar yadda ake sanyaya tulu. Ni dai latas a hunturu nake shukawa. Da bazara tsiri yake yi ya yi ɗaci, gara alayyafo.

Kada gudun zafi ya kai ka ga farar jarka mai shara-shara. Haske na shiga, gansakuka za ta cika ta. Shafa mata baƙin fenti tukuna don tare haske, sai fari a kai don rage zafi.

Sai batun taki. Mutane da yawa suna jiƙa NPK 15-15-15 na gona, su jira abin mamaki. Wannan an yi shi ne don ƙasa, wadda ke ba da kalshiyam, magniziyam, ayon (sinadarin ƙarfe) da sauransu daga jikinta. Ruwa kuwa ba ya ba da abin da zai ishi shuka. Nemi takin haidrofonik mai kashi A da B, amma kada ka taɓa haɗa su suna da kauri: kalshiyam ɗin ɗaya zai haɗu da sinadaran ɗayan, su zama farin laka a gindin bokiti, shuka ba ta iya cinsa. Zuba A a cikin cikakken ruwa, ka juya sosai, sannan B.

Idan taki ya cika amma sababbin ganye suna fitowa rawaya da koren jijiya, kada ka ƙara taki. Gwada pH, wato ma'aunin tsamin ruwa. Ana son 5.5 zuwa 6.5, ruwan burtsatse mai zartsi kuwa yakan haura 7, a nan ayon ke kulle wa shuka. Lemon tsami yana saukar da shi, amma ba ya daɗewa yake komawa. Maganin saukar da pH da ake sayarwa ya fi riƙewa, ko ka gauraya da ruwan sama.

Masu tsarin bututu, inda siririn ruwa ke gudana a ƙarƙashin saiwa, su tuna famfo na tsayawa saiwa ta fara bushewa cikin 'yan sa'o'i. In ba ka da sola ko batir, tsaya a bokitinka.