Yadda ake bin diddigin kuɗin "sauran abubuwa" a kasafin gwamnatin tarayya

A kasafin kowace ma'aikata ko hukumar tarayya akwai wani kaso mai suna "sauran abubuwa" da ake zuba ƙananan buƙatu: abinci da lemo a wurin taro, alawus ɗin zaman kwamiti, talla a jaridu, kuɗin jin daɗin ma'aikata. Ba a cika kula shi ba saboda sunansa, amma idan aka jera shi shekara bayan shekara, yana nuna halin mai riƙe da lalita.

Da farko ka zaɓi hukuma ɗaya tak. Kada ka ce sai ka cinye kasafin gaba ɗaya, shafuka ne fiye da dubu. Mu a Kaduna ba mu rasa abin dubawa ba: ga Kaduna Polytechnic a Tudun Wada, ga Asibitin Ido na ƙasa, ga asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, duk daga Abuja ake ba su kuɗi. Ɗauki wadda ka fi sani.

Sai ka shiga shafin Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya ka sauke kasafin da shugaban ƙasa ya sa wa hannu. Kula, wanda aka kai majalisa daban ne, 'yan majalisa kan ƙara ko su rage. Sauke na shekaru biyar aƙalla. Da waya ma ana yi, amma kwamfuta ta fi sauƙin bincike.

A shafin hukumar da ke cikin kasafin, nemi lamba 220210 a ƙarƙashin kuɗin gudanarwa. Lambar ce ta wannan kaso, ƙananan layukansa kuma suna biye, 22021001 misali na abinci ne da abin sha. Rubuta adadin kowace shekara a littafi, gefensa ka rubuta jimlar abin da aka ware wa hukumar.

A nan ne mutane da yawa ke faɗa wa rami. Kasafin 2016 naira tiriliyan 6.06 ne, na 2023 tiriliyan 21.83, na 2025 kuwa kusan tiriliyan 55. Wanda ya ga haka zai ce komai ya ninka sau tara, ya fara zagi a majalisar mai shayi. Amma a farkon 2016 dala ɗaya naira 197 ce a hukumance, bayan sakin naira a watan Yunin 2023 kuwa daga baya ta haura dubu, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024. Saboda haka kada ka kwatanta naira da naira. Raba kuɗin kason da jimlar kuɗin hukumar, ka ga kashi nawa ne cikin ɗari. Idan kason ya tashi daga kashi biyu zuwa shida alhali kuɗin gyaran azuzuwa yana nan inda yake, to ka samu abin tambaya.

Abin da aka ware ba shi ne abin da aka kashe ba. Ofishin Kasafin yana fitar da rahoton aiwatarwa duk wata uku, sannan akwai rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya, ko da yake yakan makara da shekaru. Shafin Open Treasury da aka buɗe a Disamban 2019 an yi shi ne don nuna biyan kuɗin ma'aikatu da ya wuce naira miliyan 5.

Idan lissafi ya ƙi fita, rubuta wa shugaban hukumar takarda a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Faɗi shekara, lambar layi da adadi, ka kai da kanka, a buga maka hatimi a kan kwafinka. Doka ta ba su kwana 7 su amsa, in sun ƙi kana da ikon zuwa kotu.