Yadda ake yi wa takardar bango mai zane fenti ba tare da ta ɓalle ba

Ɗakunan amare da yawa a Katsina an manna musu walfefa, wato takardar bango, mai tudu-tudu. Bayan shekara biyu ko uku ƙurar hunturu da hayaƙin turaren wuta sukan dusashe ta. Ba dole sai an ɓare ba. Ana iya shafa mata fenti, in dai an kiyaye abu ɗaya: gam ɗin da ke riƙe da ita ba ya shiri da ruwa.

Fara da duba bangon. Idan ƙasansa yana tsatsafo da damina, ko gara ta shiga bayan takardar, kada ka ɓata kuɗinka, ɓarewa ce kawai maganinta. In lafiya lau take, sai ka bi gaɓoɓin da aka haɗa da yatsa. Duk inda baki ya ɗaga, sa gam da ƙaramin buroshi, danne da tsumma, ka bar shi ya kwana. Sannan ka kaɗe ƙurar da ta maƙale cikin zanen da buroshi mai laushi, ka goge da soso da ɗan ruwan omo. A matse soson sosai, kada ya riƙa ɗiga. Kada sandfefa ta taɓa ta, za ta cinye zanen.

Sai shafin farko, wato andakot, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Yawancin takardun nan fuskarsu roba ce, fentin ruwa ba ya kama ta, ana kankara da farce yake fita. Wadda kuma takarda ce zalla, shanye ruwan take yi har ya kai ga gam, ta kumbura. Don haka a yi amfani da andakot na mai. Shi ne kuma ke danne tabon hayaƙin turare, wanda in ba haka ba zai sake ɓullowa rawaya-rawaya ko an yi shafi uku. Gwada a bayan ƙofa tukuna, ka jira kwana guda. A buɗe tagogi, warinsa na hawa kai.

Bayan andakot ya bushe sai fenti. Rola mai gajeren gashi saman zanen kawai take shafa, ta bar kwarin zanen ba fenti. Nemi mai gashin milimita 15 zuwa 20. Kada a cika mata fenti, domin in ya taru a kwarin sai zanen ya cike, kwalliyar ta tafi. Shafi biyu marasa kauri, da tazarar awa huɗu aƙalla, sun fi ɗaya mai kauri. Kusurwa da gefen soket a bi da buroshi ana dangwalawa.

Bango mai zane yana shan fenti fiye da mai santsi: lissafa lita ɗaya ga murabba'in mita bakwai. Ɗaki ƙafa 12 da 12 zai ci kusan lita shida a shafi ɗaya, ke nan bokiti mai lita 20 ya isa shafi biyu har da saura.

Da bazara a yi aikin da sassafe, don zafin rana na busar da fenti kafin a haɗa layi da layi, sai sawun rola ya fito. In ka ga ƙananan kumburi bayan shafi, kada ka fasa su. Yawanci suna kwanciya in fentin ya bushe. Wanda ya ƙi, a tsaga da reza, a cusa gam, a danne.