Saƙar Fure da Kwarashi: Ɗauki Launinki Daga Kuɓewa da Tumfafiya

Da zarar hunturu ya kama a Sakkwato, daga Disamba har cikin Fabrairu, gari kan koma launi ɗaya. Hazo ya rufe sama, ƙura ta hau ganye, bango da ƙasa duk ruwan ƙasa. A lokacin ne kuma ake fito da ulu domin hular jarirai da safa da rigar sanyi. Ɗan fure guda da ba ya cin minti 15 ya isa ya raba hular da aka saƙa da hannu da ta kasuwa, kuma guntayen zaren da ake zubarwa su ne kayan aikinsa.

Tun kafin ki je Babbar Kasuwa, ki san launin da za ki saya. Mafi yawan masu koyo sukan haɗa ja da kore da shuɗi da ruwan ɗorawa a fure ɗaya, abin ya fito kamar ledar alawa. Launi biyu sun isa, kuma tsirran da ke kewaye da mu sun riga sun yi mana haɗin. Dubi furen kuɓewa: kunnuwa biyar ruwan ƙwai mai haske, tsakiya ja mai duhu. Na yakuwa ma kusan haka yake. Tumfafiya, wadda ba mai kallonta sau biyu a bakin hanya, furenta fari ne da shunayya a bakin kunnuwa. Kariya kuwa takan yi fure ruwan hoda da rani, lokacin da ba ko ganyen kirki a jikinta. Abin da suka haɗu a kai shi ne ɗaya mai duhu, ɗaya mai haske. In kika haɗa launuka biyu masu ƙarfi ɗaya, daga nesa furen zai zama dunƙule kawai, ba a gane tsakiya ba a gane kunne.

Ki fito da ulun bakin shago ki duba shi a hasken rana, don fitilar cikin shago tana ruɗin ido. Kuma ki sayi abin da zai ishe ki a lokaci ɗaya. Jan da aka kawo wannan makon ba lallai ya zo daidai da na mako mai zuwa ba, ko da kamfani ɗaya ne.

Kayan aiki: ulu matsakaicin kauri launi biyu, kwarashi mai lamba 3.5 ko 4, almakashi, da allura mai faɗin kafa wadda ulu zai shiga. Fure ɗaya yana cin kamar mita 3 na zare, don haka dunƙule mai giram 50 zai ba ki fiye da fure 30.

Motsi huɗu ne a aikin. Za mu kira madaukin da ke kan kwarashi "ido". Sarƙa: ki naɗa zare ki jawo shi ta cikin idon. Gajera: ki soka kwarashi, ki jawo zare, ido ya zama biyu, ki naɗa ki jawo ta cikinsu duka. Doguwa: ki naɗa tukuna kafin ki soka, ki jawo zare ido ya zama uku, ki naɗa ki ja ta biyu, ki sake naɗawa ki ja ta biyun da suka rage. Kulle: ki soka, ki jawo zare ya wuce ta cikin komai a ja ɗaya.

Fara da launi mai duhu. Ki yi sarƙa 5, ki kulle a ta farko, ya zama ɗan zobe. Sai sarƙa 1, sannan gajera 10 a cikin ramin zoben, kwarashin yana shiga tsakiyar ramin ne, ba jikin sarƙoƙin ba. Ki kwantar da jelar zaren a kan zoben ki riƙa saƙawa a kanta, zai rage miki ɗinki daga baya. Ki kulle a gajera ta farko, ki yanke zare ki bar tsawon yatsa.

A nan ki tsaya ki ƙirga. Goma ne cif? Kowace gajera gurbi ɗaya ce, kowane kunne kuma gurbi biyu yake ci, saboda haka 10 ke ba da kunne 5. In sun zama 11, za ki ƙare da giɓi a gefe ɗaya. In 9 ne, kunne na biyar zai hau kan na farko. Yawanci sarƙar nan guda ta farko ce ake kuskuren ƙirgawa a matsayin gajera. Gara ki warware yanzu da ki gano bayan an gama.

Sai launi mai haske. Ki ɗaura shi a kowane gurbi kika ga dama. Sarƙa 2, doguwa 3 duk a cikin gurbi na gaba, sarƙa 2, sai kulle a gurbin da ke bi masa. Kunne ɗaya ke nan. Ki maimaita har sau biyar, kullen ƙarshe zai faɗa daidai inda kika fara. Faɗin furen zai kai kamar santimita 5. In kina son ganye, ki yi sarƙa 7 da kore, ki dawo ta kanta daga ta biyu: kulle, gajera, doguwa, doguwa, gajera, kulle.

In kunnuwan sun lanƙwashe ciki kamar ludayi, hannunki ya yi tsauri. Ki sassauta riƙon zaren ko ki ƙara lambar kwarashi. In sun yi laɓo-laɓo ba su tsaya ba, kwarashin ya yi wa zaren girma. Ramin tsakiya in ya yi faɗi, ki ja jelar da kika saƙa a kanta zai tsuke, ko a gaba ki fara da sarƙa 4. Akwai kuma matsalar da hunturu ke kawowa: kaushin yatsu yana kama ulu, yana tsefe shi, har saƙar ta yi gashi-gashi tun ba a sa ba. Ki shafa man kaɗanya kaɗan, ki bari ya shiga fata, ki goge tafin hannu kafin ki taɓa farin zare. Mai da ƙura in suka haɗu a farin ulu, sai wanki.

Jelolin zare kada ki ɗaure ki yanke a gindin ƙulli. Ulun roba yana da santsi, wanki biyu ƙullin ya kwance. Ki sa kowace jela a allura, ki bi da ita ta bayan saƙar kamar santimita 3, ki juyo baya kaɗan, sannan ki yanke.

Wajen liƙawa a hula, ki ɗinke zagayen tsakiyar da ulu iri ɗaya, ki bar kunnuwan a sake don su ɗan tashi. A kayan jariri ban da dutsen ado, ban da maɓalli a tsakiyar fure. Yaro yakan cizge ya kai baki. In mayafin goyo ko shimfiɗar tebur kike so, ki haɗa furannin baki da baki, kunne biyu na wannan da kunne biyu na wancan, in ba haka ba za su riƙa juyawa.

Sanin irin zaren da ke hannunki yana da amfani kafin wanki. Ki yanki guntu ki kusanta shi da ashana: na roba narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri, na auduga yakan ci kamar takarda ya bar toka, na gashin tumaki kuma warin ƙonannen gashi yake yi. Na roba ba kasafai yake zuba ba. Jan auduga ne abin tsoro, musamman in an haɗa shi da fari. Ki jiƙa guntunsa a ruwan ɗumi, ki matse cikin farin ƙyalle. In ya bar shaida, ki wanke zaren shi kaɗai har ruwan ya fito fes kafin ki saƙa.

Wanki da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, a matsa a hankali, ban da murɗawa. A shimfiɗa a kan tawul a inuwa, don rataya a igiya tana ja wa hula tsawo, ranar Sakkwato kuma, wadda kan haura digiri 40 a watan Afrilu, tana cinye launi, ruwan hoda da shunayya su ne kan fara kodewa. Dutsen guga kada ya taɓa ulun roba, zai kwantar da saƙar ta yi ƙyalli, ba ta kuma tashi. In kunnen fure ya naɗe bayan wanki, ki miƙe shi da yatsa tun yana da danshi, ki ɗora masa littafi har ya bushe.