Darasi na 7: Haɗa Yajin Tsire a Gida

Tushen yajin tsire ƙuli-ƙuli ne. Kada ku ce za ku daka soyayyiyar gyaɗa a madadinsa. Kusan rabin gyaɗa mai ne, in ta sha taɓarya sai ta cure ta ƙi zama gari. Shi kuwa ƙuli an riga an matse mansa. Ku nemi mai ƙaras-ƙaras, wanda ba a sa wa sukari ba, domin sukari saurin ƙonewa yake a kan wuta, ya bar wa nama ɗaci.

Ga awon da zai ishi nama kilo 1. A daka ƙuli a turmi, a tankaɗe, a auni gwangwanin madara 2. A zuba garin busasshiyar citta cokali 2, barkono cokali 1, tafarnuwa busasshiya rabin cokali, gishiri rabin cokali, da dunƙule 2. Masoro da kanumfari kaɗan ake sawa. Kanumfari musamman, ƙwaya 5 ta isa, in ya yi yawa sai ya danne ƙamshin sauran. Mai son kimba ya fasa ta ya zubar da 'ya'yan, ɓawon ake so. A haɗa duka a sake kirɓawa, a sake tankaɗewa. Turmi da rariya da hannu su kasance a bushe, don laima ita ke sa yaji ya yi fumfuna.

Yanzu ku kula da wannan sosai. Kafin ku taɓa nama, ku raba yajin gida biyu. Kashi ɗaya na ɗanyen nama ne, ɗayan na ci. Yajin da ɗanyen nama ya taɓa ba a mayar da shi kwalba, ba a kuma barbaɗa shi a kan gasasshe. Ta nan ciwon ciki ke shiga gida, yara ne kuma suka fi jin jiki.

A yanka tsoka marar jijiya falle-falle, a soke a tsinke, a birkiɗa a yaji har ya kama ko'ina. A yayyafa man gyaɗa, a bar shi rabin awa. A gasa a gefen garwashi, ana juyawa, ban da harshen wuta.

Ragowar yajin ci a zuba shi a kwalba mai murfi, a ajiye inda babu rana.

Aikin gida: Rubuta sunayen kayan yajin nan da farashin kowanne a kasuwarku, sannan ka haɗa jimla.